Saniya, Kaza Da Ciyawa

Jama'a, ga tambaya: saniya, kaza da ciyawa, waɗanne biyu za ku haɗa? Cikin 1972 wani masani, Chiu, ya gwada yara da irin wannan. Yaran Amurka suka fi haɗa saniya da kaza, wai duk dabbobi ne. Yaran Sin kuwa saniya da ciyawa, gama ita take ci. Waɗancan jinsi suka duba, waɗannan dangantaka.

Ni akawu ne, makaranta ta saba mini da duban jinsi. Amma ina roƙon malamanmu na Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, in ɗan makiyayi ya amsa saniya da ciyawa, kada ku ce masa daƙiƙi. Awon nan hanyar tunani kaɗai yake nunawa, ba ya auna yawan hankali.