Baƙon Jirgi da Baƙon Tasha: Wa Aka Yi wa Katin Zama?

Unguwar Gomari maƙwabciyar filin jirgin saman Maiduguri ce, don haka mutanenta sun saba ganin baƙi iri biyu. Akwai masu saukowa daga jirgi, ma'aikatan agaji da likitoci da injiniyoyi, waɗanda ake kwasa a fararen motoci a yi cikin gari da su. Akwai kuma waɗanda suka shigo ta Gamboru Ngala ko Banki ko Damasak a bayan mota, da 'yan tsummokaransu a leda: mai gadi, ɗan ga-ruwa, mai yankan farce, leburan da ke kwaɓa siminti. Dukkansu aiki ne ya kawo su. Amma tsarin da Najeriya ta shimfiɗa na ɗaukar zanen yatsun baƙi da ba su izinin zama, riga ce da aka ɗinka daidai jikin na farko.

Tun shekarar 2002 baƙon da ya zo aiki yake karɓar katin zama da ake kira CERPAC daga Hukumar Shige da Fice. Sai kamfani ya fara samun gurbin ɗaukar baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sannan ma'aikacin ya kawo fasfo, a ɗauki hotonsa da yatsunsa, a biya kuɗi. A Disambar 2018 aka ninka kuɗin daga dala 1,000 zuwa dala 2,000 a shekara. A 2025 kuma ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya mayar da neman katin ta intanet.

Babu mai hankalin da zai ce a Borno kada a san wanda ya shigo da wanda ya fita, bayan rikicin da jihar ta gani tun 2009. Ɗan Najeriyar da ya je neman kuɗi Saudiyya ya san sai ya dangwala yatsa kafin ya ga iƙama. Mutanen Maiduguri su kansu sun dangwala don BVN, sun dangwala don NIN da katin zaɓe, waɗanda suka zauna a sansanin gudun hijira ma sun dangwala kafin a sa su a jerin masu karɓar abinci. In an nemi haka daga baƙo, ba a zalunce shi ba. Abin dubawa shi ne ta wace ƙofa zai shiga.

Mutumin da ke tura kurar ruwa daga asuba zuwa la'asar ba shi da kamfanin da zai nema masa gurbi, balle dubban daloli. A da, in ɗan Nijar ne, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shigowa ba biza ya yi kwana 90, kuma akwai katin zama na 'yan ƙungiyar mai sauƙin kuɗi. To Nijar ta fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Chadi da Kamaru dama ba su taɓa zama mambobi ba. Ke nan yau Borno na iyaka da ƙasashe uku, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke cikin ƙungiyar. ECOWAS ta sanar cewa a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen da suka fice har sai an yanke wata shawara, amma zaman dubban mutane bai kamata ya rataya a kan sanarwar da za a iya janyewa gobe ba.

An taɓa gwada wata hanya. A Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da rajistar baƙi kyauta ga duk wanda zai wuce kwana 90, aka kuma yi afuwar wata shida ga marasa takarda. Niyyar ta yi kyau. Sai dai rajista ce kawai, ba izinin aiki ba, kuma wanda iyayensa suka ba shi labarin korar baƙi ta 1983 ba zai yi saurin kai sunansa ofis ba in bai ga abin da zai samu ba.

Sai kuma batun yatsun su kansu. A zaɓen 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karɓar Shugaba Goodluck Jonathan a mazaɓarsa ta Otuoke, duniya na kallo. Hukumar JAMB ta sha jan kunnen ɗalibai mata kada su yi lalle kafin jarrabawa, domin na'ura ba ta karanta yatsan da ya sha ƙunshi. To ina ga hannun lebura, wanda siminti ya cinye, ko na mai wanki da ya wuni cikin omo? Duk wanda ya taɓa bin layin rajista ya ga yadda ake yi: a ce masa ya goge yatsan a riga, ya goga a goshi, ya danna a hankali, ya sake dannawa. In ta ƙi, a ce ya dawo gobe. Goben nan kuwa kuɗin abincin rana guda ne ya tafi.

Babban haɗarin yana wani wuri dabam. Na'ura tana iya tabbatar da cewa wanda ya zo yau shi ne wanda ya zo bara. Ba ta iya faɗin inda aka haifi kakansa. Kanuri da Shuwa da Fulani da Hausawa suna ɓangarorin iyaka duka, a Diffa da Kusiri da Injamena kamar yadda suke a Monguno da Dikwa. Mutanen Borno ba su manta da Shugaba Abdurrahman Darman ba, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, wanda gwamnatin Shehu Shagari ta tasa ƙeyarsa zuwa Chadi a Janairun 1980 da cewa wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu a bayansa. Yaron da aka haifa a sansanin Minawao na Kamaru, ko a Diffa bayan iyayensa sun gudu daga Damasak, ko wanda ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 ta tafi da takardunsa, ba shi da kowa. In jami'i ya dubi tsagen fuskarsa ko ya ji karin harshensa ya rubuta shi baƙo, kuskuren ya shiga kwamfuta ke nan, ya manne da yatsunsa.

Wasu za su ce sauƙaƙa kati buɗe wa ɓata-gari ƙofa ne. Ai a halin da ake ciki ma suna shigowa, kuma babu sunansu a ko'ina. Tsada da wahala ba sa hana mugu wucewa, talaka mai gaskiya suke korawa daga ofis, su bar shi yana miƙa na goro a kowane shinge.

Abin da ya dace shi ne Hukumar Shige da Fice ta fito da katin ma'aikacin kan iyaka, a biya shi da naira ta banki a karɓi rasit, ya zama na mutum ne ba na kamfani ba. Jami'ai su ɗauki na'urorinsu su je inda mutanen suke, Tashar Baga da Kasuwar Shanu da unguwanni irin Gomari, bulama da lawan su zama shaidu. Wanda yatsansa ya ƙi, a ɗauki fuskarsa ko ƙwayar idonsa a ranar. Wanda aka rubuta baƙo alhali ɗan ƙasa ne, ya samu inda zai kai kuka a Maiduguri ba sai ya je Abuja ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta hau kan bayanan baƙo yadda ta hau kan na ɗan gida.

Shige da fice hurumin gwamnatin tarayya ne, amma gwamnonin yankin Tafkin Chadi suna da zauren da suka fara zama a Maiduguri a 2018, inda Borno ke zama da takwarorinta na Diffa da Chadi da arewacin Kamaru. Can ya kamata Gwamnatin Borno ta kai wannan magana, a nemi katin da ƙasashen huɗu za su amince da shi, sanatocin jihar kuma su bi ta a Abuja.