Ɗigon jini a bakin kogin Misisipi

A wannan sati filin namu zai ɗan ajiye zancen farashin hatsi da na albashi, ya ƙetare teku zuwa Amurka, domin mu dubi wani wasan kwaikwayo da aka fara nunawa tun shekarar 1927, wanda kuma har yau ba a gama gardama a kansa ba. Sunansa Show Boat, wato jirgin wasa. Irin wasan nan ne da Amurkawa suka yi suna da shi, inda ake haɗa labari da waƙa da rawa a dandali guda, makaɗa na zaune a ƙasan dandalin suna kiɗa. Abin da ya ja hankalina gare shi kuwa shi ne, wasan ya tona asirin wata cuta ta ƙasarsa, alhali shi kansa yana ɗauke da ita a jikinsa.

Kafin zuwan silima da rediyo, mutanen ƙananan garuruwan da ke bakin kogin Misisipi da na Ohayo ba su da wurin kallo sai jiragen ruwa na wasa. Jirgi ne mai faɗi da aka gina zauren kallo a cikinsa. Yakan tsaya a gari ya kwana ɗaya ko biyu, a sayar da tike, a yi wasa, gari ya waye a saki igiya a nufi gaba. Wata marubuciya mai suna Edna Ferber ta ji labarin waɗannan jirage sa'ad da zamaninsu ke gushewa, ta je ta yi ƴan kwanaki cikin ɗaya daga cikinsu a jihar Karolina ta Arewa a shekarar 1925, ta fitar da littafinta a 1926. Wani gwanin tsara kiɗa, Jerome Kern, ya karanta littafin ya ga akwai wasa a ciki, sai ya nemo wani matashi ɗan shekara 31, Oscar Hammerstein, domin ya rubuta zance da baitocin waƙoƙin.

Saura mai zuba kuɗi. Wanda ya ɗauki nauyin kuwa shi ne Florenz Ziegfeld, attajirin da ya yi arzikinsa da wasannin ƴan mata masu ado da barkwanci, irin waɗanda mutum zai kalla ya yi dariya ya tafi gida bai ɗauki kome a zuci ba. Ƴan kasuwa sun san abin da ake nufi da a ce mutum ya bar hajar da aka san shi da ita ya kawo wata wadda ba a taɓa tayawa ba. Da aka gwada wasan a Washinton cikin watan Nuwamba na 1927, ya wuce awa huɗu, dole aka rage shi. Ranar 27 ga Disamba aka buɗe shi a birnin Niyu Yok. Da aka ɗaga labule, masu kallo da suka saba cin karo da ƴan mata a jere sai suka ga ƴan dako baƙar fata suna ɗaukar dilolin auduga a bakin kogi, suna waƙar cewa su ke wahala, wasu ke hutawa. Kasuwa ta yi kyau fiye da zato: an nuna wasan sau 572 a jere.

Ga yadda labarin yake. An faro shi wajen shekarar 1887, shekara 22 ke nan bayan hana bauta a Amurka, a cikin wani jirgin wasa mai suna Cotton Blossom, wato furen auduga. Mai jirgin, Kyaftin Andy, yana da mata mai zafin hali da ƴa guda, Magnolia. A garin Natchez yarinyar ta haɗu da wani kyakkyawan ɗan caca, Gaylord Ravenal, suka so juna, suka yi aure ba da son uwarta ba, suka koma Shikago. Muddin caca na ci, suna cikin daula. Da ta juya baya, sai gogan ya bar takarda ya gudu, ya bar ta da ƴarsu Kim. Magnolia ta nemi abinci da muryarta har ta zama shahararriya, ƴarta ma ta gaje ta. Sai a 1927, bayan furfura ta fito, Ravenal ya dawo bakin jirgi aka yafe masa. In da labarin ya tsaya nan, da tuni an manta da shi, domin mijin da ya gudu ya dawo da tsufa ba sabon abu ba ne a kowace ƙasa.

Abin da ya raya wasan shi ne labarin wata mace da ba ita ce tauraruwarsa ba. Julie ita ce babbar ƴar wasan jirgin, mijinta Steve kuwa shi ne babban ɗan wasa. Kowa na ɗaukarta farar fata. Wata rana a madafa ta rera wata waƙa domin ta faranta wa Magnolia rai, sai mai dafa abinci, Queenie, ta tsaya tana mamaki, don ita a saninta baƙar fata kaɗai suka san wannan waƙa. Ashe mahaifiyar Julie baƙar fata ce. Akwai kuma wani mai kula da injin jirgin, Pete, da ya neme ta ta ƙi shi, mijinta ya yi masa duka. Da ya rasa yadda zai rama, sai ya tafi wurin shugaban ƴan sandan gari ya kai tsegumi, domin a jihar Misisipi laifi ne farar fata ya auri baƙar fata.

Labari ya iso jirgi cewa hukuma na tafe. Nan take Steve ya zaro wuƙa ya yanki hannun matarsa, ya kai baki ya tsotsi jinin. Da ɗan sandan ya iso ya karanta ƙara, Steve ya tambaye shi ko ba gaskiya ba ne a wannan jiha duk mai ɗigon jinin baƙar fata a jikinsa baƙar fata ne. Ya ce haka ne. Steve ya ce to shi ma yana da shi, mutanen jirgi kuma suka shaida, ba tare da ko ɗayansu ya yi rantsuwar ƙarya ba. Ƙara ta faɗi. Amma dabara ta tsirar da su daga kurkuku ne kawai: tun da yanzu su biyun baƙar fata ne a idon doka, ba su da damar hawa dandali tare da farare, dole suka tattara kayansu suka sauka daga jirgi. Ma'aikacin hukumar nan bai tsani kowa ba, bai karɓi cin hanci ba, takarda ya bi. Da hannunsa ne kuma kishin wani ɗan tsegumi ya raba mutum biyu da sana'arsu.

Kada mai karatu ya zaci marubutan sun ƙirƙiro wannan doka ne don labari ya yi daɗi. Tsarin mulkin jihar Misisipi na 1890 ya soke duk auren da aka ɗaura tsakanin farar fata da wanda kashi ɗaya cikin takwas na jininsa na baƙar fata ne, wato ko da kakan iyayensa guda ɗaya ne. Jihar Bajiniya ta tsananta tata dokar a 1924, shekara uku kacal kafin wasan. A daren da aka ɗaga labule, jihohi 30 cikin 48 na da irin wannan hani. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta Amurka ta rushe shi baki ɗaya, a lokacin yana aiki a jihohi 16, jihar Alabama kuwa ba ta goge shi daga tsarin mulkinta ba sai a shekarar 2000. Saboda haka masu kallon 1927 na duban halin da ƙasarsu ke ciki ne a ranar, an dai sa masa tufafin dā.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Wasan da ya nuna wautar auna jinin mutum, shi ma da wannan mudu aka auna masu yin sa. Gaskiya ne an haɗa mawaƙa farare da baƙaƙe a dandali guda, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Amma wadda ta fito a matsayin Queenie a 1927, Tess Gardella, farar fata ce ƴar asalin Italiya da ke shafa baƙi a fuska. Julie kuwa Helen Morgan ce ta yi ta, ita ma farar fata. Da kamfanin MGM ya tashi yin fim ɗinsa na 1951, akwai mawaƙiya baƙar fata, Lena Horne, wadda ta riga ta rera waƙar Julie a wani fim na 1946, tana kuma ƙishirwar wannan matsayi. Aka tsallake ta aka ba Ava Gardner, sa'an nan aka ɗora muryar wata mawaƙiya a kan bakinta, domin ƙa'idar masu shirya fim ta lokacin ta hana a nuna soyayya tsakanin jinsunan biyu. Sai a 1983, shekara 56 bayan farawa, mace mai jinin baƙar fata, Lonette McKee, ta taka matsayin Julie a babban dandalin Niyu Yok. An kori Julie daga jirgi sau ɗaya a cikin labari, an kuma yi ta korar ta a bayan labule fiye da rabin ƙarni.

Haka kuma zancen yake game da waƙar da ta fi kowace shahara a wasan, Ol' Man River, wadda ɗan dako Joe ke yi wa kogi, yana kwatanta gajiyarsa da yadda ruwa ke wucewa bai damu da kowa ba. Da Paul Robeson a zuci aka tsara ta, ko da yake Jules Bledsoe ne ya fara rera ta a Niyu Yok. Robeson ya karɓe ta a Landan a 1928, ya sake a Niyu Yok a 1932, da kuma cikin fim na 1936, har ta zama kamar sunansa. Shi kuwa ɗan wani malamin coci ne da ya gudo daga bauta yana yaro, ya yi karatun shari'a, ya kuma tsaya tsayin daka wajen neman ƴancin baƙar fata da na ƙasashen Afirka. Mutum irin wannan ba zai daɗe yana rera saduda ba. Daga ƙarshen shekarun 1930, in ya hau dandali shi kaɗai, sai ya sauya baitocin: inda ɗan dako ke nuna ya gaji ya sallama, Robeson ya mayar da shi mai alwashin ci gaba da gwagwarmaya. Ya biya kuɗin bakinsa, domin gwamnatin Amurka ta ƙwace fasfonsa daga 1950 zuwa 1958 saboda ra'ayinsa na siyasa. Ya rasu a 1976.

Ko kalmar farko ta wasan ba ta tsira ba. Hammerstein ya buɗe shi ne da mummunan sunan nan na zagi da farare ke kiran baƙar fata da shi, ya sa shi a bakin ƴan dakon kansu, da nufin ya girgiza masu kallo. An musanya kalmar a fim na 1936, an sake musanya ta a 1946, a 1966 ma aka cire wurin gaba ɗaya. Da aka zo ɗaukar cikakken wasan a faifan da ya fito a 1988 aka ce a mayar da ita yadda take, sai mawaƙa baƙar fata da aka ɗauka suka ƙi, suka janye. A 1993, da Harold Prince ya sake shirya wasan a Toronto ta ƙasar Kanada, baƙar fatan birnin sun yi zanga-zanga a ƙofar gidan wasan, suna cewa an nuna kakanninsu a matsayin masu dako da dafa abinci, masu waƙa domin farare su yi soyayya. Wasan dai ya wuce Niyu Yok a 1994, ya kuma ci lambar yabo ta Tony a 1995.

Ni a ganina masu zanga-zangar suna da hujja, masu kare wasan ma suna da tasu. Wanda ya fara faɗin gaskiya a bainar jama'a ba lalle ne ya faɗe ta duka ba, kuma ba a raina masa abin da ya faɗa saboda abin da ya rage. Kern da Hammerstein sun kai ta inda idonsu ya tsaya, Robeson ya ɗauka ya ƙara gaba, na bayansa suka ƙara. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ce an gama, a naɗe tabarma. Mu ma nan tambayar asalin mutum in ana zancen aure ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, don haka ba daga nesa kawai muke kallon wannan jirgi ba.

Bari in rufe da Julie. Bayan shekaru, a Shikago, mun sake ganin ta tana waƙa a wani gidan rawa, Steve ya rabu da ita, barasa ta ci ƙarfinta. Tana nan sai ga Magnolia, wadda miji ya yasar, ta zo neman aiki, ta rera waƙar nan da Julie ta koya mata a madafar jirgi. Julie ta ji daga ɓoye, ta gane muryar, ta fice ta bar aikin ba tare da ta nuna kanta ba, domin a ɗauki Magnolia a gurbinta. Daga nan arzikin Magnolia ya tashi, kuma ba ta san wadda ta yi mata wannan alheri ba. A ƙarshen wasan kowa ya hallara a bakin jirgi, mai caca ya sami gafara, jika ta zama tauraruwa, Joe na nan da waƙarsa. Ba wanda ya tambayi inda Julie take.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.