Goribar Gulbin Kaba

Yau dai kan goriba zan tsaya, don raina bai kwanta ba.

In ana lissafin arzikin jihar Maradi, sai a ce Madarumfa tana da tafki da noman rani, Dakwaro tana da dabbobi, Tasawa tana kan babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram, ga kasuwa, ga wake da gyaɗa, ga jar akuya. Da an zo kan Mayahi sai a ce hatsi, a yi shiru. To ina aka bar Gulbin Kaba? Kwarin nan da ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa ƙasar Tasawa, ya bi ta Kanambakashe da Mayahi, kana ya sake karkatowa Najeriya, ai daga kaba ya samo sunansa. Ruwa ya daina gudu a cikinsa yadda kakanninmu suka sani, amma goriba ta tsaya, ita ce ta riƙe ƙasar.

Ku je kasuwar Mayahi ku gani da idonku. Ga damman kaba an jibge, ga tabarmi an nannaɗe, ga igiya, ga faifai, ga malafa. Dubi hannun tsohuwar da ke saƙa: yatsunta sun yi kanta, ta yayyafa wa kabar ruwa don ta yi laushi, tana saƙa tana hira, ba ta ko duban hannun. Da kuɗin tabarmar nan take awon tiyar hatsi in rumbu ya yi ƙasa a cikin bazara. Shekarar da damina ta yi gardama, kamar 1984 ko 2004, gidaje nawa kaba ta fid da kunya?

To wa ke kashe ta? Mai yankan ganganci. Shi ne wanda zai shiga kwari da asuba da lauje, ya aske kaba har ƙasa, ya haɗa da tohon tsakiya. Tohon nan kuwa shi ne ran itacen. In ka bar shi, shekaru kaɗan ya miƙe ya zama goriba, ya yi 'ya'ya, yara su ci, a sami itacen rufin ɗaki. In ka yanke shi, kabar ta dawwama a ƙasa, ba ta ƙara tashi. Mai yankan ganganci bai shuka ba, bai raina ba, ya cika amalanke ya tafi. Gobe ya dawo. Jibi ma ya dawo. Haba jama'a! Shi ya sa za ka yi tafiya mai nisa cikin gulbin, kututture birjik, manyan goriba kuwa sai ka ƙirga su da yatsa.

Ni fa ba na ganin laifin talakan da yunwa ta kora daji shi kaɗai. Dillalin da ke ba da kuɗi tun kafin a yanko, ya loda wa mota ɗanyar kaba a fitar da ita, a saƙa a wani gari, ribar ta zauna can, shi ma mai yankan ganganci ne, ko da bai taɓa riƙe lauje ba. Samarinmu kuma sun watse, wasu Kano, wasu Agadas, wasu wurin haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014. An bar mata da tsofaffi, wa zai tsare kwarin?

Alhali mu ne muka koya wa duniya sassaben zamani. A jihar nan aka fara barin toho a gona, gawo ya dawo, kalgo ya dawo. Don Allah masu gari, sarakuna, magadan gari na Mayahi da Kanambakashe, ku zauna da masu yanka da masu saƙa. A keɓe wani yanki a hutar da shi, a yi yanka a wani. Manomi kuma, duk kututturen kaba da ke gonarka, zaɓi toho ɗaya ko biyu, ka ɗaura masa tsumma kowa ya gani, ka ce wannan ba a taɓa shi bana.