Zare: Mai koyon Italiyanci, ka kama aikatau ɗaya ka bi shi har ƙarshe

1/ Jama'a, akwai wata shawara da ake yawan bai wa 'yan uwanmu masu koyon Italiyanci: wai a bar wahalar haddace jadawalin aikatau, a shiga cikin mutane kawai, baki zai buɗe da kansa. Ni dai ban yarda da ita ba, kuma ina ganin tana cutar da mutane. Ku biyo ni. 🧵

2/ Da wa nake? Da ɗalibin da ya samu gurbi a jami'ar Italiya, da ɗan uwanmu na Agadas, Kumasi ko Kano da ke aikin gona ko masana'anta a can. Tun 2010 ana neman matakin A2 kafin a ba ka takardar zama ta dogon lokaci. Tun Disambar 2018 kuma, mai neman zama ɗan ƙasa sai ya kawo shaidar B1.

3/ Wanda ya bi waccan shawarar, ga inda yakan maƙale: "io parlare, io lavorare". Kamar baƙo ne ya ce maka "ni yin magana, ni yin aiki". Za ka gane, ka yi murmushi. To amma yaushe? Jiya ya yi aikin, ko gobe zai yi? Mutum sai ya shekara biyar a haka yana zaton ya iya.

4/ Mu a Hausa, a gaba muke ɗora kayan: NA biya, INA biya, ZAN biya, NAKAN biya. "Biya" na nan zaune bai motsa ba. Su kuwa a wutsiya suke ɗorawa. Wanda ya yi abin, da lokacin da ya yi shi, da ko tabbas ne ko zato, duk suna ƙarshen kalma. Mu kuma kunnenmu farkon kalma ya saba tsarewa.

5/ Mu ɗauki parlare, yin magana. Yanke -are, saura parl-. Lokaci mai ci:
parlo: ina magana
parli: kana/kina magana
parla: yana/tana magana
parliamo: muna
parlate: kuna
parlano: suna
Wutsiya shida. Daga nan komai ya faro.

6/ Ku lura ban sa io, tu, noi ba. Su ma galibi ba sa sa su, don wutsiyar ta riga ta faɗi wanda ake nufi. Ke nan idan ka kuskure wasalin ƙarshe, ka sauya mutum ɗungurungum. Firmo: ina sa hannu. Firma: yana sa hannu. A kan takarda, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

7/ Duk wanda ya zauna a zaure ya karanci sarfu ya san wannan aikin: fa'ala, fa'alaa, fa'aluu. Malamanmu ba su taɓa cewa a tsallake tasrifi a je a yi ta hira da Larabawa ba. Ma'auni ɗaya ake ba ka, ka auna dubban kalmomi a kansa. Parlare ma'auni ne irin wannan.

8/ Abin da ya wuce iri biyu ne a bakin yau da kullum. Ho parlato: na yi magana, an gama. Parlavo: ina magana a lokacin, ko nakan yi a da. Jerinsa: parlavo, parlavi, parlava, parlavamo, parlavate, parlavano. Yanzu duba: lavoro, ina aiki. Lavoravo, ina aiki a DA. Ma'aikacin da ke cike maka fom zai rubuta abin da ya ji ne.

9/ Ga misalin da ya shafi aljihu. Pagare, biya:
mi paga: yana biyana
mi pagava: a da yana biyana
mi ha pagato: ya biya ni
mi pagherà: zai biya ni
A ce maigida ya riƙe maka albashin wata uku, ka je kai ƙara. "Lui pagare" wanne ne a cikin huɗun nan? Haƙƙinka yana rataye da wutsiyar kalma.

10/ Lokaci mai zuwa: a ɗin -are ta koma e. Parlerò, parlerai, parlerà, parleremo, parlerete, parleranno. Ita kuwa h ɗin da kuka gani a pagherà, an sa ta ne don g ta ci gaba da fita kamar a "gero". In babu ita, j za a karanta.

11/ Sai wani tarko. Parlo, nauyi a farko: ina magana. Parlò, nauyi a ƙarshe: ya yi magana can baya. Haruffa iri ɗaya. Wannan bai kamata ya tsorata Bahaushe ba, mu da muke raba kukan yaro da kukar miya da karin murya kawai.

12/ Ga wani: parleremo, za mu yi magana. Parleremmo, da mun yi magana. M ɗaya alkawari ne, m biyu sharaɗi. Bature ɗan Ingila na shan wuya a nan don bakinsa bai saba ninka baƙi ba. Mu fa? Daba da dabba. Kyauta ce Allah Ya ba mu, mu yi amfani da ita.

13/ Wannan na biyun shi suke kira condizionale: parlerei, parleresti, parlerebbe, parleremmo, parlereste, parlerebbero. Da shi ake ladabi. Aiutami: taimake ni. Mi aiuterebbe?: ko za ku ɗan taimaka mini? Buƙata ɗaya ce, amma fuskar da za a tarbe ka da ita daban.

14/ Kuma shi ne "wai" ɗinsu. Idan jarida ta rubuta "il ministro avrebbe parlato", tana nufin wai minista ya yi magana, ba a tabbatar ba. Wanda bai san wannan ba zai karanta jita-jita a kan dokar baƙi, ya tura ta zauren WhatsApp a matsayin labari tabbatacce, hankalin mutane ya tashi a banza.

15/ Yanzu ku natsu, nan ne wurin da ya fi muhimmanci a wurina. A magana ta labari: tu parli (kai), Lei parla (ku, na girmamawa). A umarni kuma sai su yi musaya: parla! ga aboki, parli! ga babba. Idan hani ne ga aboki: non parlare. Kunne kaɗai ba ya kamo wannan juyin, sai an nuna maka.

16/ Shi ya sa ake da scusa da scusi. Aikatau ɗaya ne, scusare. Scusa ga sa'anka, scusi ga likita, ɗan sanda, ko tsohuwar da kuka haɗu a bas. Mu da ba ma ce wa dattijo "kai zo nan" mun san nauyin wannan. Sai a ɗauka ba ka da tarbiyya, alhali wasali ɗaya ne ya kuɓuce maka.

17/ Sai congiuntivo, dodon ɗalibai: parli, parli, parli, parliamo, parliate, parlino. Ana amfani da shi bayan so, zato, tsoro da fata. Voglio che tu parli: ina so KA yi magana. Ai muna da shi! Ba ma cewa "ina so kana magana". Wannan "ka yi, ki yi, mu yi" ɗin ɗan uwansa ne.

18/ Na bayansa: parlassi, parlassi, parlasse, parlassimo, parlaste, parlassero. Haɗa shi da condizionale ka samu "da... da..." ɗinmu. Se parlassi italiano, troverei lavoro: da ina jin Italiyanci, da na samu aiki.

19/ A dunƙule, littafin nahawunsu na lissafa yanayi 7 da lokuta 21. Kada adadin ya firgita ku. Wajen rabinsu haɗi ne kawai: ka sarrafa avere ko essere, ka liƙa parlato. Ho parlato, avevo parlato, avrò parlato. Masu ɗaukar essere kuma suna bin jinsi: namiji sono arrivato, mace sono arrivata.

20/ Na san abin da za a ce mini. "Malam, ai su kansu 'yan Italiya suna zubar da congiuntivo a hira." Gaskiya ne, da yawa na yi. Parlai, parlasti, parlò ma ba ka cika jin su a bakin mutanen Milan ba, sai a kudu irin su Sisili, da cikin littattafai. Amma ɗan gida yana zubarwa ne yana sane, kuma in ya gani a wasiƙar hukuma zai gane. Kai fa?

21/ Za a kuma ce, "ai waɗanda aka fi amfani da su ba sa bin ƙa'ida." Haka ne, essere da avere sai hadda. Amma a rukunin -are, wanda ya fi kowanne yawa, huɗu ne kacal 'yan tawaye: andare, dare, fare, stare. Sababbin kalmomi ma nan suke faɗawa: cliccare, postare, chattare. Duk sahun parlare suke bi.

22/ Ƙorafin da na fi girmamawa shi ne na lokaci. Wanda ya wuni yana tsinkar tumatir a gonakin Foggia ba shi da ƙarfin zama da littafi. Na yarda. Shi ya sa na ce aikatau ɗaya, ba ɗari ba. Wutsiya shida a mako, a takarda ɗaya cikin aljihu. A maimaita da ƙarfi, yadda muka yi a allo.

23/ Tsarin da nake ba da shawara: parlo, sai ho parlato, sai parlavo, sai umarni da bambancin tu da Lei, sai parlerò, sai parlerei. Congiuntivo a ƙarshe. Parlò da 'yan uwansa, ka gane su in ka gani ya isa. Bayan nan ka ɗora credere da dormire, za ka tarar rabin aikin an riga an yi.

24/ Ban ce a daina shiga mutane ba fa. A shiga, a yi kuskure, a sha dariya. Amma da jadawalin a kai, don abin da kunne ya tsinto ya samu wurin zama. Wanda ke can ya nemi makarantar manya ta gwamnati, CPIA, mafi kusa da shi. Jarrabawar CILS ta jami'ar baƙi ta Siena ce, CELI kuma ta Perugia.

25/ Ga aikin gida: lavorare. Ku rubuto mini a ƙasa yadda za a ce "muna aiki", "mun yi aiki", "za mu yi aiki" da "da mun yi aiki". Ku kula da m ɗin nan. Wanda ke da ɗan uwa a Italiya ya tura masa zaren. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a dace.