Wa ya dafa miyar, jarumi ko darakta?

Ƴan uwa ƴan kasuwa, mun saba zaɓen fim don fuskar jarumi, mu manta da darakta, wanda shi ya dafa miyar. Kowane da hajarsa. Aminu Saira ya iya jan zaren labari, Labarina shaida ce. Falalu Dorayi kuwa dariya yake sayarwa a Gidan Badamasi. Amma a wurinmu gwani shi ne wanda ya san cikin gidajenmu. Marigayi Umaru Ganda namu ya nuna alhajin da ya ƙara aure da yarinya ba da sonta ba a Wazzou Polygame, ya ciyo babbar kyautar Fespaco a 1972. Har yau ana ɗaura irin wannan aure a unguwanninmu, daraktoci da yawa kuwa rawa da waƙa suke jera mana.