Adana wake: tsakanin ɓarnar ƙwari da haɗarin guba

Nijeriya ce kan gaba wajen noman wake a duniya, Jamhuriyar Nijar kuma na biye da ita. Sai dai babban ƙalubalen da manoman ƙasashen biyu ke fuskanta yakan fara ne bayan an kai amfanin gona gida.

Ƙwaron wake yana saka ƙwayayensa tun ana gona. Tsutsarsa kan huda ƙwayar ta ci cikinta, kuma cikin kimanin makonni huɗu ta zama babban ƙwaro da zai sake hayayyafa. A cikin watanni kaɗan buhu guda zai iya komawa gari.

Wannan ne ya sa ƙaramin manomi ke sayar da wakensa da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, daga baya kuma ya saye shi da tsada da bazara. Ribar da ke tsakani tana zuwa ne ga wanda ya iya adanawa.

Gubar da ta jawo takunkumi

Domin kare jarinsu, wasu 'yan kasuwa sun koma zuba magungunan ƙwari kai tsaye a kan waken. A shekara ta 2015 Ƙungiyar Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan da aka yi ta samun sinadarin dichlorvos fiye da ƙimar da ta amince da ita, wato miligiram 0.01 a kowane kilo. A 2016 aka tsawaita haramcin da shekaru uku.

Asarar kasuwar Turai abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da abin da ke faruwa a cikin gida. Waken da bai tsallaka teku ba shi ne ake yin ƙosai da alale da shi, ba tare da wani ya auna shi ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, mai ɗauke da wannan sinadari, a shaguna da kasuwanni.

Buhu mai hawa uku

Akwai mafita da ba ta buƙatar guba. Tun a ƙarshen shekarun 1980 masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na arewacin Kamaru suka gwada adana wake a buhu mai hawa uku: ledoji biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowanne da kyau, iskar da ƙwarin ke shaƙa takan ƙare, su daina ci su mutu. A 2007 aka fara yaɗa buhun, mai suna PICS, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates.

Sharaɗin shi ne waken ya bushe sarai kafin a zuba, kuma a kiyaye kada ɓera ya huda leda. Idan aka cika waɗannan, wake kan shekara lafiyarsa kalau.

To me ya sa guba ba ta kau ba? Buhun ya fi na gargajiya tsada, kuma ba kowace kasuwar ƙauye ake samunsa da kaka ba, alhali kwalbar magani tana kusa kuma da araha. Bugu da ƙari, mai saye ba ya iya bambanta wake mai guba da marar guba da ido, don haka ba ya ƙara ko sisi ga wanda ya yi abin da ya dace. Muddin ba a auna waken da ke manyan kasuwanni irin su Dawanau ta Kano, aka kuma kai buhun kusa da manomi, doka ita kaɗai ba za ta wadatar ba.