A Daina Yi Wa Amare Dariyar Girki

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin iyaye da magidanta.

A nan Ƙofar Dawanau, amare da yawa gabansu faɗuwa yake in za su ɗora tukunya. Tuwo ya yi gudaji, miya ta tsinke, uwar miji ta taɓe baki, facaloli su sa dariya. Ga tsadar hatsi tun da aka cire tallafin mai a 2023, kwano ɗaya ya lalace sai rigima, har ta kai ga yaji.

To jama'a, wa aka haifa da muciya a hannu? Iyaye mata, ku koya wa 'ya'yanku tun suna gabanku. Ke kuma amarya, fara da kaɗan. Ki dama gari da ruwan sanyi ki yi talge, ki bari ya dahu kafin ki tuƙa. Kuka ana barbaɗawa ana kaɗawa da maburgi. Gishiri kuwa ana ƙarawa, ba a ragewa.

Maigida, ka ci ka yaba, gobe sai ta fi haka. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.

Mai sayar da kayan miya,
Ƙofar Dawanau, Kano.